Kajiji da Zuma

Tun da Malam Hambali ya yi maganar nan da safiyar Talata, Fiddausi ta kasa zaune ta kasa tsaye.

Kuma ba da faɗa ya yi ta ba. Shi tela ne, shekara talatin yana bakin kekensa a unguwar Nukkai, magana ma aunata yake yi kafin ya yanka. Ya ajiye kofin shayinsa ya dubi 'yarsa.

"Fiddausi, ba zan yi miki dole ba, ban taɓa yi wa kowa ba. Amma shekara biyu ke nan yaron nan Abdulmuttalib yana tsaya mini a ƙofa, har yau ko mutum ɗaya daga gidansu bai tako ya yi mini sallama ba. Magabatan Suhail kuwa zuwansu biyu. Idan Juma'a ta wuce ban ga manyan Abdulmuttalib ba, kada ya sake zuwa. Ki auri Suhail ko kada ki aure shi, wannan ruwanki ne."

"To Baba," ta ce.

Ta fito ta shiga ɗan shagonta na turaren wuta da ke jikin gidan, ta ɗora sukari a wuta don haɗin wata amarya, ta zauna ta zuba wa bango ido. Ba ta farga ba sai da Roseline, mai kitso a shagon da ke kusa, ta leƙo tana toshe hanci, ta yi magana da Hausarta ta 'yan koyo.

"Fiddausi, lafiya kuwa? Yau turarenka yana wari kamar tukunyan wake ya kama!"

Shekara shida tana wannan sana'a, ranar ta fara ƙona sukari.

Ranar Laraba bayan la'asar Abdulmuttalib ya zo. Tun daga yadda ya kafe babur ɗinsa ta san ba alheri ya ɗauko ba. Malamin lissafi ne a wata sakandare, mutum mai fara'a, amma ranar ko murmushin dole bai iya ba. Ya zauna a kan benci yana juya makulli a hannu.

"Na yi wa Hajiya magana jiya. Na sake yi yau da safe."

"Me ta ce?"

Ya ci gaba da juya makullin.

"Don Allah ka faɗa mini. Na gaji da ɓoye-ɓoyen nan, sai ka ce ƙaramar yarinya."

"Ta ce ita ba ta canza ba. Ta ce in dai da yawunta zan yi aure, to Mahbuba ce, 'yar ƙaninta ta Kano. Kawu kuma ya ce ba zai taka ƙofar kowa ba sai da izininta."

"Har yanzu maganar Mamata ce?"

"Fiddausi…"

"Ka ce e mana. Tubabbiya ce, ko ba haka ta ce ba? Danginta suna zuwa coci a ƙauyen Iware. Yayata Joan tana waƙa a kwayar coci. To ni na zaɓi cikin da zan fito? Matar nan shekara tara tana kwance a kabari, har yanzu ba za a bar ta ta huta ba?"

Hawaye suka ɓalle mata. Ya miƙo mata hankici, ta ƙi karɓa.

"Wallahi ko sunanta Hajiya ba ta bari in ƙarasa," ya ce. "Da na ce mahaifiyar Fiddausi, sai ta ɗaga mini hannu. Kayan da kika aika mata da azumi ma ba ta buɗe ba. Na je wurin limaminmu, na je wurin aminiyarta. Me ya rage ban yi ba?"

"Ka auri Mahbuba, shi ya rage."

"Kada ki sake faɗa mini haka."

"To ni ya zan yi? Jibi Juma'a, Abdul. Jibi! Baba ba ya magana biyu, ka sani. Ka zo Asabar ka ga ko zai amsa sallamarka."

Ya sunkuyar da kai. Namiji ne, bai yi kuka ba, amma idon nan ya kaɗa ya yi ja. Da zai tafi ya tayar da babur sau uku kafin ya kama.

Ta shiga ɗaki ta kwanta, ta tashi. Ta ninke kayan da ta riga ta ninke. Ta leƙa tsakar gida ta dawo. Can dai ta durƙusa ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta tona har ƙasa, ta fito da wata kwalba naɗe cikin tsohon ɗankwali.

Haɗin ƙarshe ke nan da mahaifiyarta Saratu ta yi, sati uku kafin rasuwarta.

Sauran masu turare da sukari suke soya icensu. Ita Saratu zuma take sawa, ta zuba kajijin da ta tono da hannunta a fadamar Iware, ta ƙara busasshen ɓawon lemu. Fiddausi ta gwada haɗin nan ya fi sau ɗari bai taɓa fitowa daidai ba, har ta haƙura. Ita kuwa kwalbar, sau biyu ko uku a shekara take buɗe ta, ta shinshina, ta maida murfi da sauri kamar wadda ta yi sata. Ko tsinke ɗaya ba ta taɓa ɗorawa a wuta ba.

Ta buɗe. Ƙamshin ya kwanta, ya yi nauyi saboda daɗewa, amma nan take ya maida ta 'yar shekara goma. Ga safiyar Asabar, ga Mama a kan kujera 'yar tsugune tana juya ice a kasko, gefen zanenta ya sha hayaƙi. Ga wannan Hausar tata da ba ta taɓa miƙewa ba har ta koma ga Allah: "Fiddausi, ka matsa baya, wuta ba abokin wasanka ba ne." In dare ya yi sanyi, cikin zanen nan take cusa fuskarta ta yi barci.

Ta rungume kwalbar ta yi kuka mai isarta.

Kowace yarinya uwarta ce ke shige mata gaba a irin wannan rana. Ita abin da ya rage mata na uwa a duniya bai wuce cikin tafin hannu biyu ba. To shi za ta ɗauka. Ta san sarai budurwa ba ta zuwa gidan surukai da ƙafarta, ta san in Baba ya ji sai ransa ya ɓaci. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ranar Alhamis da la'asar sakaliya ta yafa mayafi, ta ce wa Roseline ta duba mata shago, ta tare Keke Napep zuwa unguwar Abbare. Sau biyu ta buɗe baki za ta ce wa mai keken ya juya.

Gidan ba ɓoyayye ba ne, Abdulmuttalib ya sha kwatanta mata shi. Ta yi sallama a ƙofar falo, aka amsa daga ciki.

Hajiya Zakiyya doguwar mace ce, fara, da tabarau da carbi. Tana zaune a kan darduma ta jingina da kujera, kaskon turare yana hayaƙi a gefenta. Fiddausi ta cire takalmi ta durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya ƙalau. 'Yar wa ke nan?"

"Fiddausi ce. 'Yar Malam Hambali tela, daga Nukkai."

Carbin ya tsaya. Hajiya ta dube ta daga sama har ƙasa ta saman tabarau, kallon da ya fi mari zafi.

"Ikon Allah. Ke ce da ƙafarki? A inda na fito, yarinya ko layin gidan surukai ba ta bi. Amma ba laifinki ba ne, kowa da irin tarbiyyar da ya samu."

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Na san ban kyauta ba. Ba ni da uwar da za ta zo a madadina, shi ya sa."

"Me kike so?"

Ta matso da gwiwa, ta ajiye kwalbar a gaban darduma da hannu biyu.

"Tsaraba na kawo miki. Ba ni da abin da ya fi shi."

"Ɗauki kayanki. Ni ba a saye na da turare." Hajiya ta gyara zama. "Tunda kin zo, bari in faɗa miki da bakina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban ce kina da mugun hali ba, ban san ki ba. Amma aure ba na mutum biyu ba ne. Ɗa ɗaya gare ni. Jikokina su tashi, a ce su waye kawunnansu? Ranar Lahadi in an kai su hutu ƙauye, ina za a bi da su? Ni na riƙe yaron nan tun mutuwar ubansa, ba zan zuba ido ya kai mini zuri'a inda ban sani ba."

"Hajiya, uwata da kalmar shahada ta cika. A hannuna."

"Allah ya jiƙanta. Ba da ita zan zauna ba, da danginta ne."

"Mutanen kirki ne, wallahi. Ba su taɓa…"

"Kowa nasa na kirki ne."

Hajiya ta ci gaba. Ta kawo maganar Mahbuba, ta kawo asali, ta kawo abin da mutane za su ce. Fiddausi tana durƙushe, hawaye na ɗiga a kan hannunta, kunnenta ya daina ɗaukar rabin maganar.

Hancinta ne bai daina aiki ba. Turaren da ke kan kaskon Hajiya ɗan kasuwa ne, ya daɗe da cinyewa, sukarin ya ƙone ya fara ƙauri. Mai haɗa turare kuwa ta gwammace ta ji zagi da ta ji wannan ƙaurin. A shago kullum haka take yi ba tare da tunani ba: ta kaɗe ƙonannen, ta busa toka, ta ɗora sabo.

Haka hannun ya yi. Tana kuka ya kaɗe, ya buɗe kwalba, ya tsinko, ya ɗora a kan garwashi. Sai da ta ji ɗan ƙaran zuma a wuta ta gane abin da ta aikata. A falon mutane, ana tsakiyar yi mata faɗa, kuma da turaren da ta yi shekara tara tana rowarsa ga kanta.

"Ke! Wa ya ce ki taɓa mini…"

Hayaƙin ya miƙe siriri, ya buɗe.

A kwalba ƙamshin barci yake yi. A wuta sai ya tashi gaba ɗayansa: zaƙin zuma a gaba, ɗacin ɓawon lemu a bayansa, can ƙasa kuma ƙamshin kajiji mai kama da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Fiddausi ta ji kamar Mama ce ta ɗaga labule ta shigo. Ta toshe bakinta da mayafi.

Ba ta lura Hajiya ta yi shiru ba sai da carbi ya faɗi a kan darduma.

"Kajiji," Hajiya ta ce a hankali. Ta cire tabarau. "Da zuma. Akwai ɓawon lemu a ciki?"

"Akwai."

"Wa ya koya miki wannan?"

"Ba ni na haɗa ba. Na mahaifiyata ne."

"Yaya sunanta?"

"Saratu."

Hajiya ta girgiza kai, kamar wadda aka ƙwace wa abu. "A'a. Ba ita ba ce. Mace ɗaya na sani mai wannan haɗin, Dinatu sunanta."

Fiddausi ta ɗago ido ta dube ta.

"Sunanta ke nan kafin ta auri Baba. Mijinta na fari Tobias ne, ya rasu. Shi ne uban yayata."

"Joan," Hajiya ta ce.

Ba wanda ya taɓa faɗa mata wannan sunan a gidan nan, ba ta taɓa bari ba.

Hajiya ta rarrafo, babbar mace da ita, ta kama fuskar Fiddausi da hannu biyu ta juya ta wajen haske.

"Goshin ne. La'ilaha illallahu, goshinta ne! Maman Joan! Tana da tabon ƙuna a nan, a wuyan hannun hagu?"

"Tana da shi."

"Ruwan wankana ne ya ƙona ta."

Sai Hajiya ta fashe da kuka, irin kukan da tsofaffi ba su cika yi a gaban yara ba. Maganar ta riƙa fitowa a guntule.

"Shekara talatin ke nan. Alhaji ya kawo ni garin nan ina amarya, ban san kowa ba, ko yaren maƙwabta ba na ji. Gidan haya muke, ɗakinta yana kallon nawa. Na haihu damina tsakiya, hanya ta lalace, babu wanda ya iya zuwa daga Kano. Matar nan, da jaririyarta a baya, ita ta dafa mini ruwan jego kwana arba'in, safe da yamma. Ita ta dama mini kunun kanwa, ba ta ma iya ba, ni nake kwatanta mata daga kwance. Ta tsaya a kaina tana cewa, 'Ka sha da zafi, Amarya, ka sha!' In ta gama ta sa mini wannan turaren wai ɗakin mai jego kada ya yi ƙarni."

Fiddausi ta yi dariya cikin kuka. Muryar Mama ce sak.

"Muka koma Kano yaron yana wata biyar. Da muka dawo na neme ta, aka ce mijin ya mutu, ta tashi, ba a san inda ta yi ba. Ashe tana Nukkai! Ashe 'yarta nake kora! Wayyo ni Zakiyya, rashin sani ya fi dare duhu. Ki yafe mini, 'yata. Gobe-goben nan kawunsa zai je wurin babanki, ni da kaina zan sa shi a gaba."

Fiddausi ta kifa kai a cinyarta. Wani sanyi ya ratsa ta tun daga ƙirji har tafin ƙafa, irin wanda rabonta da shi tun kafin azumi. Hajiya tana shafa kanta, mayafi ya zame ya sauka a kafaɗa, ba wadda ta kula.

"Ai ba wanka kaɗai ba," Hajiya ta ci gaba, tana share ido tana murmushi. "Bayan suna zazzaɓi ya kwantar da ni, nonona ya ƙafe ƙaf. Yaron nan ya yi ta tsala ihu har muryarsa ta dushe. Sai ta kwance Joan daga baya ta ajiye, ta ɗauke shi ta sa a…"

Hannun da ke shafa kan Fiddausi ya tsaya.

Fiddausi ta ɗago a hankali. Ta yi Islamiyya, ta san abin da ta ji. Yaron da ya sha nonon mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta duka sun zama 'yan'uwansa, na gaba da na baya.

"Hajiya, ki ƙarasa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Sau ɗaya ne? Ki tuna da kyau. Wataƙila ɗauka kawai ta yi ta rarrashe shi. Kin ce ba ki da lafiya, wataƙila ba ki gani daidai ba."

"Wata biyu, Fiddausi. Shi a dama, Joan a hagu. A gabana."

"A'a. A'a, Hajiya." Ta ja da baya. "In ba kya so na ki ce ba kya so na, na ji, zan tafi. Amma kada ki yi mini wannan."

"Da ɗazu na sami wannan hujjar, wallahi da guɗa zan yi. Sai yanzu da nake son ki kamar in haɗiye ki?"

Fiddausi ta kama ƙafafunta. Kunya ta riga ta tafi.

"Wa ya sani? Alhaji ya rasu. Mama ta rasu. Joan jaririya ce lokacin. Baba bai sani ba, da ya faɗa. Ke kaɗai ce, Hajiya. Ke ma kin manta, shekara talatin kin manta! Da ban ɗora turaren nan ba…" Ta ƙara riƙe ƙafafun. "Shekara biyu nake jiransa. Ban taɓa son kowa ba sai shi. Don Allah."

Hajiya ta rufe ido. Ta daɗe a haka, har Fiddausi ta fara sa rai.

"Ni da ke mun sani," ta ce daga ƙarshe. "Da Wanda ya tuna mini."

Fiddausi ta ji nauyin abin da ta roƙa ya danne ta. Ta ce astagfirullah, ta sake cewa, sannan ta faɗa jikin Hajiya suka rungume juna suna kuka, kaskon yana ta hayaƙinsa a gefe.

Ba su ji tsayuwar babur ba. Sallamarsa kawai suka ji, labule ya ɗaga.

Abdulmuttalib ya tsaya a bakin ƙofa da jakar makaranta a kafaɗa. Ya dubi takalman da ke waje, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi wadda ke kwance a ƙirjinta. Fuskarsa ta washe gaba ɗaya kamar ta ƙaramin yaro.

"Hajiya? Fiddausi? Alhamdulillahi! Allah na gode maka! Hajiya, kin yarda?"

Sai a lokacin Fiddausi ta tuna kanta a buɗe yake. Ta kai hannu da sauri za ta ja mayafi, kamar yadda ta saba yi a gabansa shekara biyu.

Hajiya ta riƙe hannun.

"Bar shi, 'yata," ta ce, hawaye na bin fuskarta. "Ba sai kin rufe ba. Yayanki ne."